Fuskar Auta a Kan Katakon Shayi

Lahadi, 1 ga Satumba, 1974, bayan la'asar

Yanzu na dawo Ajingi daga Gaya. Ƙafafuna har rawa suke don tuƙin keke a taɓo.

Dada, mahaifiyarmu, ta kira ni ɗakinta bayan masu zuwa gaisuwa sun watse. Yau kwana goma sha biyar da rasuwar Haruna, ƙanena, autanta. Ta ce: "Tukur, an ce a makarantar da ka yi a Kano an koya maka zana mutum ya fito kamar ya yi magana. Zana min Auta. Ban ga fuskarsa ba aka rufe shi. Ina so in gan shi kafin idon nan ya tafi."

Yanar da ke idonta ta daɗe, amma tun da abin nan ya faru take kauri kamar ana ƙara mata. Haruna bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, yana cewa sai ranar aurensa. Na ce mata to. Me kuma zan ce?

Da na shigo gida na sauko da akwatin fentina daga kan kabad. Tun ranar rasuwarsa ban taɓa shi ba. Na buɗe, komai lafiya lau: buroshi, fenti, kwalbar mai. Akwatin bai jiƙe ba.

Talata, 3 ga Satumba, bayan tashi daga makaranta

Na ɓalle gefen wani tsohon akwatin shayi na goge shi sumul, na shafa masa farin fenti. Hanne, matata, ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce: "Malam, a kan wannan katakon za ka sa mutum? Ai ko faifai ya fi shi daraja." Na ce ta je ta ji da tukunyarta.

Bari in rubuta tsarin aikin don in tuna wa kaina, shekara huɗu rabona da zanen mai. Malaminmu na zane ya ce fatar mutum ba ta fitowa da shafa ɗaya. Da farko ka zana fuskar da toka-toka da ruwan ƙasa kawai, fenti mai ƙarancin mai, ka bar ta ta bushe ƙamas. Sannan ka ɗebo launi ɗan mitsitsi ka dama shi da man linsid, wani mai ne da ake kawowa daga ƙasar waje, wanda yake daskarewa idan ya sha iska. Ka shafa shi siriri yadda na ƙasan zai riƙa leƙowa ta cikinsa. Mu ɗalibai lulluɓi muke ce wa wannan. Lulluɓi a kan lulluɓi, ja, sannan ruwan ɗorawa, sannan ɗan shuɗi a inuwa, har jini ya shiga fuskar. Kowane na sama ya fi na ƙasansa mai. Doka ɗaya ce ba a karyawa: ba a ɗora sabo sai na ƙasa ya bushe.

Lulluɓi biyar nake buƙata, kowanne kwana huɗu ko biyar. Da yardar Allah kafin Sallah Dada ta gan shi.

Alhamis, 5 ga Satumba, da hantsi

Kunnensa na hagu ya fi na dama ficewa. Ban san na san wannan ba sai da hannuna ya zana.

Asabar, 7 ga Satumba, da yamma

Gaya. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin Dada ban yi sallama ba, don in gwada. Ta ɗago ta ce: "Tukur ne? Ka rame." Alhamdu lillahi, daga bakin ƙofa tana ganin fuska.

Yaya Kabo, babban wanmu, ya tare ni a zaure. Ya ji labari. Ya ce: "Kai yanzu abin da bokonka ya koya maka ke nan? Mutum ya riga mu gidan gaskiya, maimakon addu'a sai ka zauna kana ƙera surarsa? Ba za a shigo min da shi gidan nan ba."

Na ce: "Yaya, Dada ce ta sa ni."

Ya ce: "Dada kuka ne ya sa ta. Kai kuma me ya sa ka?"

Na miƙe. Na ɗauki kekena. A hanya na bi ta doguwar hanya, na ƙara kusan awa guda, don kada in ga ruwa.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan azahar

Zanen ƙasa ya bushe. Na taɓa da bayan yatsa, babu danƙo. Haruna ne sak, amma toka-toka, babu jini ko ɗigo. Haka yake da mutanen Gafasa suka fito da shi daga rafi. Na kasa kallo, na juya katakon ya fuskanci bango.

Wata damuwar kuma: man linsid ɗin saura kamar yatsa biyu a gindin kwalba. Na ɗaga ta a haske, na jijjiga, na sake ɗagawa, kamar jijjigar za ta ƙara shi. Na je tasha wajen Maiwada direba, wanda yake jigila zuwa Kano, na rubuta masa sunan man a takarda, na kwatanta masa kantin. Ya juya takardar ya ce: "Malam, wannan man na ciwon me ne?" Na ce na ciwon da nake fama da shi ne, ya dai kawo.

Asabar, 14 ga Satumba, da safe

Lulluɓi na farko, jar ƙasa. Na yi ta jan buroshi a hankali, ina ɗauke abin da ya yi yawa da tsumma. Ina gamawa na ja da baya na dube shi. Kumatunsa sun yi ɗumi. Hanne ta shigo da koko, ta gani, ta ajiye kwanon ta fita da sauri. Ina jin ta a madafa tana jan hanci.

Ban je Gaya ba yau. Na zauna da shi.

Laraba, 18 ga Satumba, da hantsi

An ɗauki azumi. Na farko ya bushe, na yi lulluɓi na biyu, ruwan ɗorawa a goshi da karan hanci. Abin mamaki, man kwalbar ya fi yadda na zata, ya kusa rabi. Ko idona ne ya yaudare ni ranar, ko albarkar watan ce. Ya kuma fi santsi, buroshi yana tafiya kamar ba ya taɓa katako. Raina ya yi fari karo na farko tun watan jiya.

Asabar, 21 ga Satumba, bayan shan ruwa

Gaya. Daga bakin ƙofa Dada ta ce: "Wane ne?" Sai da na durƙusa a gabanta ta gane ni. Ta ce: "Ina Auta?" Na ce yana nan tafe, yana bushewa. Ta ce: "Shi dai kullum sai an jira shi."

Yaya Kabo ya ce bayan Sallah zai kai ta asibitin ido a Kano. Ta ce ba mai sa mata ƙarfe a ido.

Litinin, 23 ga Satumba, da safe

Bai bushe ba.

Laraba, 25 ga Satumba, da safe

Kwana bakwai. Bai bushe ba. Laimar damina ce, na sani. Ɗakin nan ko gishiri narkewa yake.

Alhamis, 26 ga Satumba, da yamma

Sadakar arba'in. An taru a ƙofar gidanmu na Gaya, an yi addu'a, abincin sai bayan shan ruwa aka raba. Mutum uku sun zo daga Gafasa, cikinsu har da dattijon da ya shiga ruwa da gora neman Haruna ranar. Ya riƙe hannuna ya daɗe. Ya ce: "Malam, haƙuri. Shekara biyu rafin nan yashi ne zalla, yara suna wasa a cikinsa, wa zai ce zai yi wannan cika? Kai ma Allah ne ya yi da sauran kwananka." Sai ya ƙara da cewa, da kyakkyawar zuciya: "Kayan naka dai ba su lalace ba ko? Na ga yadda ka tallafe su."

Yaya Kabo yana gefena. Bai juyo ba, amma carbinsa ya tsaya.

Na ce ba su lalace ba.

Asabar, 28 ga Satumba, bayan azahar

Na yi abin da na san ba a yi. Na ɗora lulluɓi na uku a kan ɗanye. Na ce wa kaina idan na yi a hankali ba zai ji ba. Ya ji. Jan ya kwaso ɗorawar, suka cakuɗe a gefen bakinsa, sai ga Haruna yana murmushin da bai taɓa yi ba, irin na wanda ya san wani abu a kanka. Na gyara iya iyawata. Da malaminmu ya ga wannan da ya kore ni daga aji.

A makaranta na daka wa ɗan aji uku tsawa saboda ya kifar da tawwada. Hedimasta ya ce in je gida in huta, wai azumi ne. Na bar shi a kan azumi ne.

Talata, 1 ga Oktoba, da azahar

Na fitar da shi rana. Maimakon ya bushe sai ya yi ta ƙyalli, launi ya gangaro daga idonsa na dama zuwa haɓa. Na mayar da shi ɗaki a guje.

Maiwada ya ce kantin ba su da shi, sun ce sai kaya sun iso daga Ikko. Na ce ya sake komawa. Ya ce: "Malam, ko a ba ka man inji? Shi ma mai ne." Na kusa zaginsa da bakin azumi.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da safe

Bai bushe ba.

Asabar, 5 ga Oktoba, da yamma

Dada ta shafa kaina ta ce: "Farar hula ce ko?" Baƙa ce. Ban gyara mata ba.

Ta ce: "Tukur, ka yi sauri." Ba ta taɓa ce min in yi sauri ba a rayuwarta, ni ne mai gaggawar gidan, Haruna ne mai nawa. Ranar ma ni na ce mu tsallaka kafin rana ta faɗi, ni na ce ruwan bai kai ƙugu ba. Ni na ja shi tun farko ya raka ni, wai ina so in zana rafi a cike.

Ba zan rubuta wannan ba yau.

Litinin, 7 ga Oktoba, bayan la'asar

Na dawo daga makaranta na tarar da kiyashi sun yi layi daga ƙasa, sun hau bango, sun bi ta wuyansa sun cika masa kumatu. Na yi ta cire su ɗaya bayan ɗaya da tsinke. Shekaru na yi ina aiki da man linsid, ban taɓa ganin kiyashi ya kula shi ba.

Sai na kai hancina. Mai azumi ba a ɓoye masa ƙanshi. Na buɗe kwalbar na sunsuna. Ƙosai. Ƙuli-ƙuli. Madafar Hanne.

Na ƙwala mata kira, ta zo hannunta da ƙullun ƙosai. Na ce: "Me kika zuba a kwalbar nan?"

Ta yi murmushi, wallahi murmushi ta yi, ta zaci godiya zan yi. Ta ce: "Au, sai yau ka gane? Na ga kana ta ɗaga ta kana tsaki, ka ƙi cin abinci. Shi ne na ƙara maka daga nawa. Mai kyau ne, Malam, da hannuna na matse, sau biyu na tace shi. Na azumi ne na ajiye, ka san bana gyaɗa ta yi wuya."

Man gyaɗa ba ya bushewa. Ko shekara zai yi. Lulluɓi biyu na yi da shi, kwana goma sha tara na zauna ina zagin damina.

Na ce mata abubuwa. Na ce wa ya aike ta. Na ce jahilci. Sannan na ce: "Kin kashe min shi."

Ta tsaya tana kallona, ƙullun yana ɗiga daga yatsunta. Ta ce a hankali: "Malam, ni ban je rafi ba."

Ta rufe bakinta da hannu nan take. Amma ta riga ta faɗa, kuma ba ƙarya ta yi ba.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan shan ruwa

Ta ajiye min kunu da ƙosai a bakin ƙofa. Ƙosan a bushe, an soya shi da ɗan abin da ya rage. Ba mu yi magana ba.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da hantsi

Ba mu yi magana ba. Bai bushe ba, amma yanzu na daina taɓawa.

Asabar, 12 ga Oktoba, da yamma

Maiwada ya tsayar da ni a tasha yana ɗaga kwalba sama kamar ya ciyo gasa. Man linsid na gaske, cike. Na karɓa na yi godiya, na rasa inda zan sa fuskata.

Gyaran ba wuya. A wanke man gyaɗan da kananzir, a bar katakon ya sha iska, a sake lulluɓi huɗu. Sati uku, idan komai ya tafi daidai.

Na je Gaya da wannan lissafin a kaina. Na tarar da Dada a tsakar gida da rana tsaka tana tambayar ko hadari ne ya haɗo, ta ga gari ya yi duhu. Babu ko gajimare ɗaya. Na ɗaga hannuna a gabanta, ta ce ta ga wani abu ya gifta.

Idonta ba zai kai sati uku ba. Ban tabbata zai kai kwana uku ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba, da safe

Da na tafi da shi tun yana toka-toka, ranar sha ɗaya ga watan jiya, da ta gan shi. Lokacin tana gane fuska daga bakin ƙofa. Ni ne na ce sai ya yi kyau. Ni ne ba na iya kallonsa a haka, ba ita ba.

Talata, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Na je madafa na tsaya. Na ce: "Hanne, ki yafe min." Ta ci gaba da tankaɗe. Can ta ce: "Ni ma bakina ya yi sauri." Na ce bakinta bai yi komai ba.

Ta ce: "Ka kai mata shi haka."

Na ce ɗanye ne, ko ƙuda ya sauka sai ya bar sawu, ga bakin ya karkace.

Ta ce: "Ɗanta ta ce ka kawo mata, ba gwaninta ba. Ni zan riƙe shi a mota."

Juma'a, 18 ga Oktoba, ranar Sallah, da yamma

Maiwada ya ba mu gaban mota. Hanne ta kwantar da katakon a cinyarta, ta kifa masa babban faifai don kada wani abu ya taɓa shi, ta riƙe da hannu biyu tun daga Ajingi har Gaya. Duk ramin da muka faɗa sai ta ɗaga shi sama.

Yaya Kabo yana zaure ya dawo daga idi. Ya kalli faifan, ya kalle ni. Ya tashi ya ce zai je gaida liman. Ya bar mana ƙofa.

Dada tana zaune a bakin gado da sabon farin mayafi. Na jingina katakon a gwiwarta inda hasken ƙofa yake faɗowa. Na ce: "Dada, ga Auta."

Ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa shi. Ta karkata kai dama, ta karkata hagu. Ta daɗe. Sannan ta ce: "Ban gan shi ba, Tukur."

Na matsa kusa da ita. Sai na ga ta ɗago hannu. Na buɗe baki in ce kada ta taɓa, Hanne ta dafa kafaɗata.

Yatsunta suka sauka a goshinsa, suka zame zuwa kumatu, suka bar hanya huɗu a cikin fentin. Ta murza yatsun, ta kai hanci. Ta ce: "Man gyaɗa ne wannan."

Hanne ta ce da muryar kuka: "Ni ce na zuba, Dada. Ban sani ba."

Dada ta ce: "Mai kyau ne, 'yar nan. Da irinsa nake shafe shi in na yi masa wanka. Fatarsa ba ta son ruwa, sai ta yi fari."

Sai ta kama gefen mayafinta ta fara goge shi. Goshi, gefen ido, bayan kunnen nan da ya fice, kamar tana ganinsa. Aikin sati shida yana komawa jikin mayafi, ja da ɗorawa, ni kuma ina durƙushe ina kallo. Ban hana ta ba.

Tana gogewa ta ce, ba ta juyo ba: "Ya kira ka?"

Na ce: "Sau biyu."

"Kana kusa?"

"Da na miƙa hannu da na kamo rigarsa."

"Hannunka fa?"

Zan rubuta yadda na faɗa mata, tunda na faɗa. Na ce: "Suna kan akwatin fenti, Dada. Na ɗora shi a ka na riƙe da hannu biyu don kada ya jiƙe. Na zaci wasa yake, na zaci zai taso. Da na ajiye akwatin a gaɓa na juyo, keken da yake turawa kawai na gani."

Daga waje ana jiyo kiɗan masu yawon Sallah.

Ta ce: "Kabo ya faɗa min tun ranar arba'in. Ina jira ne in ji daga bakinka."

Sai ta lalubo ni. Ta sami kunnena, ta sami kumatuna, ta ji a jiƙe suke. Ta ɗauki gefen mayafin nan, inda ta goge shi, ta goge ni da shi. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai goge sosai, har da bayan kunne.

Asabar, 19 ga Oktoba, da hantsi

Mun kwana a Gaya. Katakon yana ɗakin Dada, ta ce a bar mata shi. Zanen ƙasa ne ya rage da lulluɓin farko, ɗan ɗumin nan na kumatu bai fita ba. Yaya Kabo ya shiga gaishe ta da safe, ya fito idonsa ja, bai ce a fitar da shi ba. Mayafin ta ninke ta sa ƙarƙashin matashi, ta hana a wanke.

Kwalbar Maiwada tana Ajingi, ban ɓalle murfinta ba.

Hanne ta ce har yanzu akwai ja a bayan kunnena, inda alwala ba ta cire ba. Ta kawo sabulu da ruwan ɗumi. Na ce ta bari tukuna.